Wadda Ta Leƙa Rumbu

Shekaranjiya da la'asar ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsintar shinkafa, sai ɗan maƙwabciyata ya rarrafo riƙe da ɗan gora, irin wanda ake zuba wa tsakuwa a toshe bakinsa don yaro ya yi wasa. Ya kaɗa shi, kacau-kacau. Sai kawai na ga na ajiye faifan. Uwarsa ta ce lafiya, na ce abu ne ya faɗa mini a ido. Ta yarda, don ba ta san ni da kuka ba. Ni ma ban san kaina da shi ba.

Bari in gaya maka tun da wuri, ni ba mai son labarin da ba ce. A sakandare darasin tarihi barci yake sa ni, wane ya hau, wane ya sauka, wane ya kori wane, ba wanda ya taɓa faɗa mana su wa suka yi shuka a shekarar da ake ta korar. Ba ni kuma da haƙurin masu fara magana da "a zamaninmu". Amma ƙarar goran nan ta mayar da ni ɗakin Tsohuwa, tunda kuwa ta mayar da ni, gara in rubuta ko na samu ta sake ni.

Tsohuwa kakar babana ce, ni tattaɓa-kunnenta. Kowa a gidan Tsohuwa yake ce mata, ban da Baba da ke ce mata Kaka, ita kuma ta ce masa maigidana, ta tambaye shi ina goronta, ko ya kai wa wata. 'Yar guntuwa ce, ta ranƙwafa, tsagar fuskarta ta nutse cikin yamutsin fata har sai ka matso za ka gane ta. Amma hannuwanta kamar na ƙato aka ciro aka liƙa mata, faɗaɗa, masu kanta, yatsun ba sa miƙewa sosai. Ɗakinta yana can ƙurya kusa da turken awaki, kullum warin toka da hayaƙi da man kaɗe. A saman gadonta na kara akwai ragaya, a cikin ragayar akwai gora da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, an toshe bakinsa da tsumma. In ta sauko da shi, sai ta kaɗa shi a kusa da kunnenta kafin ta buɗe. In ya ce kacau, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Suna nan."

Irin dawa ne a ciki, an cakuɗa da toka don kada ƙwari su shiga. Sai dai ba irin da manomi zai yarda ya shuka ba ne. In ta zazzage a faifai, ga fara, ga ja, ga rawaya, ga wata ƙanana mai duhu kamar an ƙona ta. Duk a gauraye.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Malumfashi ta nufi Funtua, ƙasar dawa da auduga. A tasowata matan aure ba sa zuwa gona. Innata tana cikin gida da kaskon ƙuli-ƙulinta, iyakarta zaure. Tsohuwa kaɗai tsufa ya buɗe wa ƙofa. Tana da wani lungu a bayan gida, a bakin gonar Baba, bai fi faɗin tsakar gidanmu ba. Da zarar ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, sai ta ƙwala mini kira, wai tunda ba na iya zama wuri ɗaya gara in zo in yi amfani. Ita ta sara rami da sungumi, ni in jefa iri in take da diddige. Ƙasar da sanyi, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Ni ina sauri in gama in tafi wasa, ita tana bina a baya tana tone inda na zuba da yawa.

In dawar ta tashi, abin dariya. Wata ta fi mutum tsawo, wata iya ƙugu, wata ta nuna tsuntsaye na ci, wata ko bunni ba ta yi ba. Baba yakan tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, Kaka, wannan gona ce ko taron kasuwa? Ita kuwa ta ce ya je ya ji da audugarsa. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: dawarta ba ta shiga rumbu. Wata shekara da girbi yayana ya ɗauki daminta zai haɗa da na gida, da niyyar taimako. Ranar na fara ganin Tsohuwa tana gudu. Ta cim masa a gindin rumbu ta ɗaka masa sanda a ƙwauri, ta karɓe damin ta kai ɗakinta ta rataye a saman murhu.

Sau ɗaya a shekara take tuƙa tuwonta, da hannunta, ta tara mata da 'yan matan gidan ta ce sadaka ce. Tuwon launin ƙasa ne, ga bauri a harshe. Ni kuwa da bakina. Na ce, "Tsohuwa, tuwon nan naki fa ba daɗi. Ga farfara cike da rumbu, wahalar me kike ba mu?" Innata ta zaro mini ido. Tsohuwa ta yi dariya har tana tari, ta ce bakina sak na faccalar uwarta, wato matar ƙanen ubanta, ita ma ba ta tauna magana kafin ta fitar. Daga nan labarin ya fara. Ba a zama ɗaya ta ba ni ba, gutsure-gutsure ne, da yamma in muna zaɓen iri, shekara da shekaru. In na ƙosa na ce to sai me ya faru, sai ta ce in zauna, ba inda za su je, duk sun mutu.

Ta ce lokacin tana yarinya ce, haƙoranta na gaba sun faɗi sababbi ba su fito ba. Turawa ba su zo ba. Gidansu Maguzawa ne, ba su fara salla ba, suna zaune a ware cikin daji can wajen Maska, a gindin wani dutse. Yaƙin kuwa na 'yan gida ɗaya ne. Waɗanda aka ƙwace wa sarauta tun zamanin kakanni sun koma arewa sun kafa nasu gari, ba su haƙura ba, duk rani sai sun sauko a kan dawaki su ƙone, su kwashi mutane. Waɗanda ke riƙe da ƙasar kuma suna cikin garuruwa masu ganuwa, su ma duk rani sai sun aiko a ba da maza don tsaro. Da mai zuwa kwasa da mai zuwa tsaro Hausa ɗaya suke yi, wani lokacin ma tsagarsu ɗaya. Na tambaye ta wa ke da gaskiya. Ta ce ita ba ta taɓa ganin fuskarsu da kyau ba, don da an hango mahaya sai a kora mata da yara kan dutse, maza su tsaya a ƙasa. An ƙone unguwannin da ke kewaye da su, tasu ba a taɓa ba. Mata suka riƙa cewa tsafin ubanta ne ke da ƙarfi.

A gidansu kowa da gonarsa. Akwai gandu, babbar gonar gida, mai taki, kusa da danga, ita ce a hannun mai gida. Kowace mace kuma tana da gayauna, 'yar gonarta can bakin daji, wadda take shukawa da irin da ta zo da shi daga gidan uwarta a cikin gora ranar da aka kawo ta. Bayan girbi, ubanta, da yake shi ne mai gida, yakan zuba hatsin gandu a babban rumbu ya rufe. Duk tsawon rani mata ne ke ciyar da gida daga abin da suka noma a gayauna. Sai ruwa ya sauka, daidai lokacin da na mata ya ƙare, mai gida ya yanka jan zakara a gindin rumbu, ya jingina tsani, ya hau ya ɗaga jinka, ya fara fitar da iri, sannan abinci. Mace ba ta hawa, ba ta leƙawa. Wadda duk ta leƙa, ba ta ƙara cin abin da ya fito daga cikinsa har ta mutu. Haka suka taras, haka suke yi.

A shekarar da nake ba ka labari, cikin bazara, ana tsakiyar zafi, manzo ya zo daga garin ganuwa. Ba zaɓe ya yi ba kamar kullum, cewa ya yi duk namijin da zai iya ɗaukar goran ruwa ya fito. Ubanta ya rataya kwari da baka, ya ce wa uwarta kafin ruwa ya sauka sun dawo. Aka bar kakarta, wato uwar ubanta, da ba ta iya tashi sai an kama ta, da matan gida, da 'yan mata, da 'yan mazan da ke goye.

Ruwa ya sauka, ba su dawo ba. Aka ce a jira. Ya sake sauka, ciyawa ta rufe gandu, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito yara suna kamawa suna gasawa. Hatsin mata ya ƙare ƙarƙaf, abin da ya rage wa kowacce sai goran irinta. Ana dafa ganyen tafasa ana sha da garin ɗorawa. Ga rumbu a tsakar gida, ƙato, kowa ya wuce sai ya ɗaga kai ya kalle shi. Tsohuwa ta ce ita har mafarkinsa take yi da rana tsaka, tana jingine a jikinsa tana jin kamar ƙamshin dawa na fitowa ta laka.

Wata safiya uwarta ta ɗauko tsanin daga bayan ɗakin ubanta, gungumen itace ne mai matakai da aka sassaƙe, ta jawo shi a ƙasa don ya fi ƙarfinta. Mata suka fito suka tsaya. Kakar tana zaune a kan tabarma ta ce, "'Yar nan, kin dai san abin da ke kai."

Ta ce, "Na sani, Iya. In ban hau ba ma ba wanda zai ci."

Ba a yanka zakara ba, tunda mace ba ta yanka. Ta ɗaure zanenta a ƙirji ta hau, ta ture jinkar da kafaɗa, ta zura kanta. Ta daɗe a haka. Tsohuwa ta ce ita ƙafafun uwarta kawai take gani a kan itacen. Da ta sauko sai ta zauna a ƙasa, ta ce gara ce ta shiga rumbun, ba abin da ta bari.

Faccalar nan mai baki ba ta yarda ba. Ta ce, "Yaya, wace irin gara ce za ta cinye rumbu guda ba ta bar ko zanen laka a jikinsa ba? Matsa in gani." Ta kama tsanin. Uwar Tsohuwa ta riƙe mata hannu ta ce, "Mutum ɗaya ya isa." Ta kayar da tsanin ƙasa.

Ƙarya ta yi, ba gara ba ce. Sai ranar da za a kai Tsohuwa gidan miji uwar ta gaya mata abin da ta gani. Rumbun a share yake tas, har da sawun tsintsiya a ƙasansa. Tana tsaye a kan tsanin nan ta gane komai. Duk lokacin da aka kora su kan dutse, maza na ƙasa suna sayen lafiyar gidan da hatsi. Mahara su zo a ba su, masu tsaro su zo a ba su, har aka kai ga irin shuka. Ba tsafi ne ya hana a ƙone su ba, rumbun ne. Mijinta ya share shi ya mayar da jinka, yana tsammanin zai dawo ya nemo mafita kafin kowa ya sani. Ta zaɓi ta ɗora wa gara.

A ranar ta ce kowace mace ta kawo goranta, a shuka gandu. Nan fa aka yi rigima. Faccala ta rungume nata ta ce irin uwarta ne, kuma kowa ya sani abin da aka zuba a gandu na gandu ne, ranar da maza suka dawo rumbu zai shiga, su koma kallonsa daga ƙasa. Gaskiya ta faɗa. Amma gayauna tana bakin daji inda ba mai iya zuwa ita kaɗai, ƙasarta kuma ba za ta ciyar da gida ba. Kakar ta sa aka kawo babbar ƙwarya, ta ce kowa ta juye, ta sa hannu ta gauraya da kanta don kada gobe wata ta ce ga layinta. Fara ta uwar Tsohuwa ce. Rawaya ta kakar. Mai duhun ta wata amarya ce da aka kawo daga nesa. Faccala ce ta ƙarshe, ta juye jar dawarta tana zagi.

Ka san akwai aikin da mace ke yi a gona da wanda ba ta yi. Sun saba da shuka da noman fartanya, amma huɗa da garma ta maza ce. Daminar nan suka ɗauki garma. Tsohuwa ta ce da farko kunyoyinsu a karkace suka fito, ruwa ya zo ya wanke, suka sake. Hannu ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Ita da ba ta kai tsawon ƙotar ba aka ba ta fartanya, daga nan hannuwanta suka fara zama yadda na san su. Jinkar ɗaki ta yi yoyo, mata suka hau suka gyara. Awaki suka shiga gonar maƙwabta, mata suka zauna suka yi shari'ar. Uwarta ta ɗauki zare da daddawa ta tafi garin ganuwa da ƙafa, inda macen gidansu ba ta taɓa zuwa ba sai da namiji a gaba, ta yi ciniki a bakin ƙofa ta dawo da ɗan hatsi a gefen zane. Ta tambayi labarin mazansu, aka ce an yi arewa da su.

Matan wasu unguwanni da suka ji, su ma suka jingina tsani. Tsohuwa ta ce abin mamaki, duk wadda ta hau ta sauko magana ɗaya take yi. Shekarar nan gara ta ci rumbuna da yawa.

Tsakiyar damina ita ce mafi wuya, lokacin da shuka ta yi kore shar, ciki kuwa ba komai. A nan ɗan faccala ya mutu, yaron goye, nono ya ƙafe. Ba namijin da zai haƙa kabari. Uwar Tsohuwa ta haƙa da garmar da take huɗa, faccala na tsaye tana kallo. Ba a daɗe ba jar dawar ta nuna, ita ce ta riga sauran. Suka riƙa karyo ta ɗanya suna gasawa yara na ci. Faccala ta ƙi kallon wajen. Irinta ne ya ceci 'ya'yan kowa, nata ɗan bai jira shi ba. Bayanta rawaya ta nuna, sannan fara. Gonar dai ba kyan gani, amma ta yi.

Sai bayan girbi maza suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, ba su kai rabin waɗanda suka tafi ba. Ubanta ba ya ciki. Wani ya ce a bakin rafi ya faɗi, wani ya ce kama shi aka yi aka sayar, ba wanda ya gani da idonsa. Ƙanensa, mijin faccala, ya dawo yana ɗingishi, shi ya zama mai gida. Da can shi da uwar Tsohuwa abokan wasa ne, kamar yadda ƙanen miji yake da matar wa, ya ce mata matata, ta bi shi da muciya. Ya taras da dammuna jibge a tsakar gida. Ya sa aka zuba su a rumbu, ya mayar da jinka. Sannan ya tara gida ya tambaya wa ya hau. Kakar ta faɗa masa. Ya ce to, abin da aka taras ba a canza shi, wadda ta leƙa ba za ta ci ba.

Ka tuna, da shi aka kwashe hatsin nan aka ba mahaya. Ya san abin da ta gani, ta san ya sani. Kalma ɗaya za ta faɗa a gaban mata maganar ta rushe, don ai ba abin da ta leƙa sai sawun tsintsiya. Amma in ta faɗa, mijinta da ba ya nan ya zama wanda ya bar gidansa ba iri ya tafi. Faccala ta miƙe ta ce da hannun wa aka noma abin da ke cikin rumbun, mijin ya daka mata tsawa. Uwar Tsohuwa ta kalle shi, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sanda. Ta ce, "Na ji." Daga ranar ba su sake wasa ba.

Ni a nan nake tashi tsaye duk lokacin da muka zo wurin. Na ce, Tsohuwa, uwarki ta cuci kanta, da ni ce sai na tona. Ta ce ai ta sani, shi ya sa ba a ba ni ajiya. Sannan ta ce ni ban taɓa ganin yadda ubanta ke ɗaukar ta a wuya ya kai ta gindin dutse ba.

Da ƙura ta lafa, maza sun yi kaɗan, gandu kuwa bai ragu ba. Aka bar wa mata garma, tunda an ga sun iya. Kasuwa ma aka bar musu, da gyaran jinka. Tsani ne kawai aka karɓe aka mayar bayan ɗakin mai gida. Aiki ya ƙaru musu, rumbu yana nan inda yake. Uwarta ta ci gaba da huɗa a gandu, in girkinta ya zo ta daka hatsin rumbu, ta tuƙa, ta kwashe wa kowa, ta wanke hannu ta koma gefe. Da rani tana cin na gayaunarta. Damina ce matsalar, lokacin da nata ya ƙare kowa ya koma cin na rumbu. Sai ganye, sai abin da ta samo a kasuwa in an samu. Tsohuwa takan ɓoye loma a gefen zane ta kai mata bayan ɗaki. Uwar ta buɗe, ta shinshina, ta mayar mata a baki.

Dabara ɗaya ta yi. Tun ranar girbin farko, kafin a ɗaure dami, ta karyi 'yan zangarniyoyi daga kowane launi ta ɓoye, tunda abin da bai shiga rumbu ba bai haramta gare ta ba. Da shi ta shuka gayaunarta, tunda nata irin ya tafi cikin ƙwarya. Shi take ci, shi ta zuba wa 'yarta a gora ranar aure. Ba ta yi tsawon rai ba, wata damina ta tafi da ita, a rame kamar kara. Wannan goran ne a ragayar Tsohuwa. Tuwon baurin nan da nake rainawa, shi kaɗai ne tuwon da uwarta ke iya ci.

Gidan mijin Tsohuwa ne suka taso suka dawo bakin hanya, suka kama salla. Ita ma ta kama, ban taɓa ganin ta bar lokaci ya wuce ba. A zamanin ɗanta mata suka ajiye garma suka shiga gida. Na tambaye ta ko ta ji haushi, ta ce haushin me, ita da ta san nauyin garma, wadda ta samu hutu ta huta. Sadakar tuwon kuwa, wadda take yi wa uwar da ta mutu ba ta taɓa sa goshi a ƙasa ba, ba ta taɓa tambayar wani malami ko ta halatta ba. Takan ce Allah ya ga wadda ta hau tsani.

Ina makarantar kwana ta rasu, ana gab da saukar ruwa. Da na zo hutu Innata ta miƙo mini goran, ta ce ni Tsohuwa ta ce a ba. Na leƙa bayan gida, auduga ta kai har jikin danga, lungun ya shige gonar Baba. Ba mugunta ya yi ba, fili ne ya gani ba mai shi. Innata ba ta fita, ƙannena mata ƙanana ne, ni kuma lokacin shuka ina aji. Goran ya zauna a akwatina har na gama makaranta na samu aiki a Funtua.

Rumbun gidanmu ma ya rushe, ba a sake gina shi ba. Yanzu a buhu ake zuba hatsi a kai ɗakin ajiya mai ƙofar kwano. Ba wanda ya ce mace kada ta leƙa, an manta da wannan dokar, kowa ya ji ta dariya zai yi. Kwaɗo ne dai a ƙofar, makullin yana aljihun Baba. Innata har yau ba ta san buhu nawa ne a ciki ba, sai abin da aka auno aka miƙo mata. Yayyena suna cewa matan yanzu sun ji daɗi, ba rana ba garma. Na yarda. Ni dai abin da nake tambaya, in wata rana aka sake kiran maza suka tafi, wa ya san inda makullin yake, kuma me za a taras a ciki?

Bara, da ruwa ya sauka, na ciro goran na kaɗa shi a kunnena kamar yadda take yi. Bai ce kacau ba. Wani sauti ya yi, shuu, kamar yashi. Ƙwari sun shiga duk da tokar. Na tankaɗe garin a rariya, na tsinci 'yan ƙwayoyin da suka rage, na shuka su a bayan ɗakin da nake haya, kusa da makwararar ruwa, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Kullum kafin in tafi aiki sai na tsuguna na duba.

'Yan kaɗan suka tsiro. Na jira su har suka fitar da kai, ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa. Duk ja ne. Na faccala, mai baki irin nawa. Rawayar ba ta fito ba, mai duhun ba ta fito ba. Na bi zangarniyoyin ɗaya bayan ɗaya ina neman fara ko ƙwaya guda, ban samu ba.

Na yanke su na rataye a saman murhuna, inda hayaƙi ke bugu. Maƙwabciyata ta ce in kawo ta ajiye mini a ɗakin ajiyar mijinta, ɓera ba ya shiga. Na ce mata a'a, wannan ba ta shiga ɗakin kowa.